Madubin idon ɗana ya goce, kakarsa kuma tana so a kira mai allura

Assalamu alaikum Malama. Ni matar aure ce a nan Damagaram, ina da ƴaƴa uku. Babbansu namiji ne mai shekara 12, amma ya riga ya fi ni tsawo. Siriri ne, yatsunsa zara-zara, ƙirjinsa ya ɗan lotsa ciki, kuma gaɓoɓinsa suna lanƙwasuwa fiye da na sauran yara, har ƴan unguwa sukan taru su ce ya kwantar musu da babban yatsansa a kan hannu su gani. Tun yana ƙaramin aji yake ƙanƙance ido idan zai duba abu, malaminsa yana cewa ba ya kwafar abin da aka rubuta a allo, ya sha duka a kan wai lalaci ne. Sau biyu muna saya masa tabarau a kasuwa, babu wanda ya yi masa amfani. Watan jiya na kai shi asibiti, ma'aikacin ido ya haska ya ce madubin da ke cikin idanunsa biyu ya goce daga mazauninsa. Ya ce irin wannan yakan zo tare da wani ciwo na gado, mu nemi babban likitan ido, kuma a ɗauki hoton zuciyar yaron.

Da na faɗa wa mijina sai ya fusata, ya ce me ya haɗa ido da zuciya, neman kuɗi ne kawai. Shi ma dogo ne, tun yana saurayi yake sa tabarau mai kauri, kuma ƙaninsa ya faɗi ya rasu a gona yana da shekara 29 bayan ya dafe ƙirji. Surukata ta ce yanar ido ce, akwai mai magani da ke zuwa ranar kasuwa yana kwantar da ita da allura nan take, kuma ta ce kalmar gado zagi ce ga gidansu. Aurenmu na zumunci ne, shi ya sa nake jin kamar mu muka jawo wa yaron. Ƙaramar ƴata mai shekara 5 ita ma ta fara kai abu kusa da fuska kafin ta gane shi. Ba na barci. Me zan yi?

Wata uwa, daga Damagaram

Wa alaikumus salam ƴar'uwa. Allah ya ba yaron lafiya, ya jiƙan ƙanin mijinki, ya saka miki da alheri a kan tsayuwar da kika yi. Shekaru yaron nan ya yi yana shan bulala a kan abin da idonsa ne ya gaza, kowa ya yarda da cewa malalaci ne, ke kaɗai kika kama hannunsa zuwa asibiti. Ina so ki riƙe wannan a ranki kafin mu shiga sauran maganar, domin zan faɗi abubuwa masu nauyi, kuma ba na so ki karanta su da zuciyar mai laifi.

Abu na farko, wanda ba ya jiran yardar kowa: kada allurar mai maganin nan ta kusanci idon yaron, ko da za a yi fushi da ke na wata guda. Aikin masu allura shi ne su soki gefen ido su tunkuɗa madubin ya faɗa can ƙasan ƙwayar ido, domin haske ya sami hanya. Tsohon da yana ta rufe masa gani gaba ɗaya yakan ga haske a ranar, shi ya sa ake yabon su, amma bayan makonni ko watanni da yawa daga cikinsu sukan dawo da jan ido, da azabar ciwo, da hawan jinin ido, wani lokaci har idon ya mutu. Na taɓa zama kusa da wani dattijo a bencin jiran likita, ya rufe ido ɗaya da gefen rawaninsa yana ta hawaye, yana cewa rana uku kawai ya yi yana ganin jikokinsa bayan an yi masa. Idon dattijo ke nan mai ƙwarin halitta. Ɗanki ba yana ce ta rufe masa ido ba, kuma idan zaton ma'aikacin asibitin ya tabbata, bangon idonsa da shimfiɗar gani da ke bayansa, wato siririyar fatar cikin ido mai ɗaukar hoton abin da ake kallo, sun fi na sauran mutane rauni, don haka abin da allura za ta ɓata ba lalle a iya gyara shi ba.

Yanzu bari in amsa tambayar mijinki, domin tambaya ce mai kyau ko da cikin fushi ya yi ta. Kin san yadda magina a Birni suke cuɗa ƙasa da ciyawa kafin su ɗora katanga, ciyawar ce take riƙe ƙasar kada ta tsage. Jikin ɗan Adam ma yana da irin waɗannan zaruruwa da suke ɗaure shi, suna cikin fata, da gaɓoɓi, da ƙashi, da bangon jijiyoyin jini, da ido. Madubin cikin ido, wanda girmansa bai wuce ƙwayar wake ba, rataye yake a bayan baƙin ido da siraran zaruruwa da suka kewaye shi ta kowane gefe. Idan zaren ya zo da rauni tun daga halitta, na wani gefe sai ya saki, na ɗaya gefen ya ja, madubin ya karkace. Daga nan yaro yana duba duniya ta gefen madubi, abubuwa su yi masa dishi-dishi ko su rabu biyu, kuma tabarau na kasuwa, wanda akasarinsa an yi shi ne domin tsofaffi masu son karatu, ba zai taɓa daidaita masa ba. Ki tsaya da shi a hasken rana ki ce ya dubi dama da hagu da sauri, mai yiwuwa ki ga baƙin idon yana ɗan rawa kamar ruwa a ƙwarya, saboda madubin da ya kamata ya tokare shi ta baya ya matsa. Wannan zaren da ya saki a ido, irinsa ne a bangon babbar jijiyar da take fitar da jini daga zuciya. Abin da ya haɗa ido da zuciya ke nan.

Siffofin da kika zayyana, wato tsawo, da dogayen yatsu, da lotsewar ƙirji, da sakin gaɓoɓi, da gocewar madubi a ido biyu, su ne suke sa likita ya fara tunanin ciwon Marfan. An sa masa sunan Antoine Marfan, likitan yara na ƙasar Faransa, wanda ya bayyana shi a 1896 a jikin wata yarinya ƴar shekara biyar, kuma a 1991 aka gano ƙwayar gadon da take haddasa shi, wadda take sarrafa sinadarin zaren da ake kira fibrilin. Ana ƙiyasta cewa mutum 1 cikin 5,000 yana ɗauke da shi, a kowace ƙasa da kowace ƙabila, ke nan a gari mai yawan jama'a kamar Damagaram ba gidanku kaɗai ba ne. Kusan kashi 60 cikin ɗari na masu shi madubin idonsu yana gocewa, galibi zuwa sama da gefen waje. Hukunci dai na likitan da ya duba yaron ne, domin akwai wasu cututtukan da suke kama da shi. Akwai dangin Ehlers-Danlos, waɗanda aka kasa gida 13 a 2017, inda sakin gaɓoɓi da taushin fata suka fi fitowa, masu su sukan yi fama da bushewar ido da rashin ganin nesa, a wasu nau'o'in ma fatar gaban ido takan yi siriri har ƙaramin bugu ya fasa ta. Akwai kuma ciwon Stickler, wanda yakan zo da tsananin rashin ganin nesa tun yarinta, da ɓallewar shimfiɗar gani, wani lokaci da raunin ji.

A kan auren zumunci, ki sauke wannan kaya daga kanki. Ciwon Marfan daga mahaifi ɗaya yake gangarowa, uwa ko uba, kuma kowane ciki yana da rabi da rabi, ko ɗan ya ɗauka ko ya tsira, da bare aka aura da ɗan'uwa duk ɗaya ne. Kusan ɗaya cikin huɗu na masu shi ma ba su gaje shi daga kowa ba, a kansu ya fara. Duk da haka ki gaya wa likita cewa ku ƴan'uwa ne, kada ki ɓoye, saboda akwai wani ciwo da ake kira homosistinuriya wanda sai ya haɗu daga uwa da uba yake bayyana, shi ma yana sa tsawo da gocewar madubi, sai dai nasa ya fi yin ƙasa. Ana gane shi da gwajin jini ko fitsari. Bambance su yana da muhimmanci, domin mai wannan ciwon jininsa yakan daskare a jijiya, musamman lokacin tiyata, kuma wasunsu suna samun sauƙi da sinadarin bitamin B6. Gaskiyar da za ki faɗa a ɗakin likita kariya ce ga yaron, ba tonon asirin dangi ba.

Ga abin da za ki tarar wajen likitan ido, domin kada ki tsorata. Za a ɗiga masa magani mai buɗe baƙin ido, ganinsa ya ƙara dushewa na wasu sa'o'i ko kwana ɗaya zuwa biyu, hasken rana ya dame shi, don haka ki tafi masa da hula. Da wannan ne likita zai ga iyakar inda madubin ya kai, ya auna ƙarfin tabarau da ya dace, ya auna hawan jinin ido, ya leƙa shimfiɗar gani ko akwai wurin da ya yi siriri ko ya tsage. Yara da yawa tabarau da aka auna da kyau yana wadatar da su shekaru masu yawa, kuma ba kowane madubi da ya goce ake cirewa ba. Ana zuwa ga tiyata ne idan tabarau ya kasa, ko madubin ya yi yana, ko yana shirin faɗowa gaba ya toshe hanyar ruwan ido. Idan an cire shi, ko dai a ba yaro tabarau mai kauri ya maye gurbinsa, ko a dasa na roba a ɗaure shi ta wata hanya ta daban, tunda zaren da zai riƙe shi ba shi da ƙarfi. Saboda haka ina ba ki shawara, idan kin ji an zo aikin ido kyauta, ki kai shi a duba shi, wannan alheri ne, amma ki nuna takardar asibiti ki faɗa da bakinki cewa madubinsa gocewa ya yi. Aikinsa ya bambanta da na yanar tsofaffi da ake yi wa mutane da yawa a rana ɗaya, yana bukatar likitan da yake da kayan aikin bayan ido.

Ki fara da sashen ido na babban asibitin ƙasa da ke nan Damagaram, ki roƙi a haɗa ki da likitan ido kansa, kuma a rubuta miki takardar turawa idan abin ya fi ƙarfin kayan da suke da su. Yamai tana da nisan kusan kilomita 900, Maraɗi ta fi kusa, kuma mutanenmu sun daɗe suna gangarawa Kano, inda asibitin ido na ECWA yake aiki tun 1943, ga kuma cibiyar ido ta ƙasa a Kaduna. Kada ki ɗauki hanya da ka, ki bari likitan nan ya faɗa miki inda ya fi dacewa da irin aikin, domin kuɗin mota da masauki kada su tafi a banza.

Akwai alamomin da nake so ki haddace, ki kuma koya wa yaron da kansa, saboda masu irin wannan ido shimfiɗar ganinsu tana saurin ɓallewa, kuma ɓallewarta ba ta da zafi ko kaɗan. Idan ya ce yana ganin walƙiya alhali babu hadari, ko baƙaƙen ɗigo kamar ƙudaje sun cika masa ido farat ɗaya, ko wani duhu kamar labule yana rufowa daga gefe, wannan ba na jiran ranar kasuwa ba ne ko dawowar maigida daga tafiya, a ranar za a tafi asibiti, domin kwanaki kaɗan ne tsakanin ceto idon da rasa shi. Haka nan idan ido ya yi ja da azabar ciwo, da ciwon kai, da amai. Kuma kada a ɗiga masa komai da likita bai rubuta ba, ko nonon mai shayarwa, ko ruwan sukari, ko ruwan ganye, ko maganin ɗigawa na masu talla, domin wasu daga cikinsu suna ɗauke da sinadarin da yake hawar da jinin ido a ɓoye. Lokacin hunturu, idan ƙura ta sa masa ƙaiƙayi, ya wanke fuska da ruwa mai tsabta, ya bar murza ido da ƙarfi.

Zancen ƙaramar ƴarki ya fi tsaya mini a rai fiye da yadda kike zato. Ƙwaƙwalwar yaro tana koyon gani ne a shekarun farko, zuwa wajen shekara bakwai ko takwas, kuma idon da bai taɓa aika mata hoto mai kyau ba a wannan lokaci yakan zauna da rauni ko da daga baya an gyara shi. Yayanta ya wuce wannan mataki, abin da aka samu za a lallaɓa, ita kuwa tana da sauran lokaci a hannu. Ki tafi da ita rana ɗaya da shi, har da na tsakiyan ko da bai nuna komai ba.

Sai hoton zuciya. Irin na'urar da ake duba mai ciki da ita ce, ekogarafi, ana shafa ɗan mai a ƙirji a ɗora, babu allura babu zafi. Likita yana auna faɗin gindin babbar jijiya ya rubuta, a sake aunawa akalla sau ɗaya a shekara a ga ko tana buɗewa. Wannan jijiya tana iya faɗaɗa shekaru mutum bai ji komai ba, sai ranar da bangonta ya tsage. An yi wata shahararriyar ƴar wasan ƙwallon raga ta Amurka, Flo Hyman, doguwa ƙwarai, wadda ta faɗi ta rasu ana cikin wasa a Japan a 1986 tana da shekara 31, sai bayan rasuwarta aka gane ciwon Marfan ne. Ban kawo wannan domin in ƙara miki rashin barci ba. A farkon shekarun 1970 da yawa daga masu ciwon ba sa kai shekara arba'in, amma da aka fara auna jijiyar a kai a kai, ana ba da magungunan da suke rage bugun jini a bangonta, irin su atenolol da losartan, ana kuma yin tiyata kafin ta tsage, sai ga shi suna kaiwa saba'in. Waɗannan ƙwayoyi ne da aka saba ba masu hawan jini, ana samun su a kantin magani, amma likita ne zai ce a fara da kuma nawa za a sha. Ki kuma riƙe sunan wani magani, siprofuloksasin, wanda ake yawan sha idan an ce taifot ce ko ciwon mara. A 2018 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa shi da danginsa suna ƙara haɗarin tsagewar wannan jijiya ga masu Marfan da makamantansu. Duk wanda zai rubuta wa yaron magani, a gaya masa halin da ake ciki.

Yanzu mijinki. Ni a ganina fushinsa tsoro ne ya sa riga. Mutum ne da ya binne ƙaninsa yana ɗan shekara 29, yana sa tabarau mai kauri tun samartaka, kuma yana duban ɗansa yana ganin siffarsa. Da kika ce an ce gado ne, abin da ya shiga kunnensa shi ne ana cewa shi ya cuci ɗansa, kuma shi ma yana iya bin ƙaninsa. Namiji kaɗan ne zai karɓi waɗannan biyun a zama ɗaya bai yi tsawa ba. Babu wanda zai iya tabbatar da abin da ya ɗauke ƙanin nasa yanzu, amma saurayi da ya dafe ƙirji ya faɗi, a gidan da ake da tsawo da raunin ido, labari ne da dole likita ya ji shi, kuma dalili ne mai ƙarfi na a duba mijinki shi ma, ido da zuciya. A gaskiya, idan yana ɗauke da ciwon, shi ya fi yaron bukatar hoton da gaggawa, domin jijiyarsa ta fi daɗewa tana ɗaukar bugun jini.

Kada ki tayar da maganar a gaban mahaifiyarsa ko a gaban yara. Ki nemi lokacin da ya ci abinci ya huta, ki ajiye kalmar gado a gefe tukuna, ki ce masa: "Malam, ni ban iya yi wa likita bayani kamar kai ba, kuma yaron nan ya fi sakin jiki idan kana kusa. Ka raka mu sau ɗaya ka ji da kunnenka, idan ka ga neman kuɗi ne, sai mu dawo." Kin ba shi girmansa, kin kuma kai shi inda wani zai faɗa masa abin da ba zai karɓa daga bakinki ba. Idan kika sami hali, ki sanar da likitan tun da wuri labarin ƙanin, domin shi ya jawo maganar da kansa. Idan ya ƙi, kada ki yi ta nanatawa har abin ya zama gardama tsakaninku. Ki nemi wanda yake jin nauyinsa, yayansa, ko amininsa, ko limamin masallacinku, tunda ku dangi ɗaya ne ma kina da kawu ko baffa da yake naku ku biyu. Malamai sun sha karantar da mu cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, kuma liman ya fi ki sanin yadda zai faɗa masa wannan ba tare da ya ji an ci masa fuska ba. Idan duk an yi haka bai sauko ba, ki nemi izinin kai yaran ke kaɗai, wannan mafi yawan maza ba sa hanawa, takardar sakamakon kuma ita za ta ci gaba da yi miki magana a gida.

Surukarki kuwa uwa ce da ta rasa ɗa, kuma a tunaninta gidan da aka ce yana da ciwon gado, gobe za a guji auren ƴaƴansa. Tsoronta yana da tushe, mun san yadda bakin mutane yake. Mai allurar da take so a kira, son jikanta ne ya sa, a iya saninta shi ne magani mai sauri da araha. Ki same ta da ladabi ki ce: "Inna, likita ya ce idon yaron nan ba irin na tsofaffi ba ne, idan aka taɓa shi da ƙarfe ba ya gyaruwa. Ki taimake mu da addu'a, ke ce babba." Duk abin da za ta kawo na addu'a da sadaka ki karɓa hannu biyu, iyakar da za ki ja ɗaya ce, babu abin da zai shiga cikin idon. Ki tabbatar mata cewa maganar ba za ta fita daga gida ba, kuma ki cika wannan alkawari. Idan za ta yarda ta bi ku asibiti, ki tafi da ita, domin tsohuwar da likita ya gaishe ta ya nuna mata hoton da idonta takan dawo ta fi kowa tsaron jikan. Amma ranar kasuwar da mai maganin yake zuwa, yaron ya kasance a inda idonki yake.

Na san kuɗi yana cikin abin da yake hana ki barci ko da ba ki faɗa ba. Ba a rana ɗaya za a yi komai ba. Duban ido na yaran da hoton zuciyar babban da na mahaifinsa su ne gaba, sai tabarau na gaskiya, tiyata kuwa idan ma za a yi ta galibi akwai lokacin shiri. Idan kina cikin adashe ki roƙi a ba ki ɗauka ta kusa, ki kuma tambayi ofishin taimakon marasa ƙarfi na asibitin. Ki sayi ɗan littafi guda ki riƙa adana komai a ciki, ranar da aka je, da lambar tabarau, da awon jijiya, domin duk likitan da kuka je wurinsa, a nan ko a wani gari, da wannan zai gane ko abin yana tsaye ko yana tafiya.

A rayuwar yau da kullum akwai abin da zai canja. Kokowa da dambe ba nasa ba ne, na san wannan zai yi wa yaro ɗan Damagaram ciwo, musamman mai tsawon da kowa yake cewa zai yi kyau a fili, amma bugu a kai ko a ido yana iya ƙarasa sakin madubin ko ya ɓalle shimfiɗar gani, yunƙuri mai ƙarfi kuma yana matsa wa jijiyar zuciya. Haka ɗaukar buhun hatsi, da tura kurar jarkokin ruwa idan famfo ya ɗauke, a ba wani wannan aikin. Ƙwallon ƙafa na gasa da sa kai a ƙwallo ya dakata har likitan zuciya ya faɗi iyakarsa. Tafiya a ƙasa, da hawan keke a hankali, da wasan da babu karo a cikinsa duk yana iya yi, kada a mayar da shi majinyacin da aka kwantar a ɗaki. Wasan lanƙwasa yatsu da yake yi wa yaran unguwa ya bari, gaɓar da ake ta ja fiye da iyakarta ita take fara ciwo da gocewa idan an girma. Ki je makaranta da takardar asibiti ki ga shugaban makarantar da malamin ajin, ki nemi a zaunar da shi a bencin gaba, a bar shi ya matso kusa da allo idan yana bukata, a kuma daina dukansa, balle a kai ko a fuska. Ki yi maganar cikin mutunci, malamin bai san abin da yake damun yaron ba, yanzu kuwa zai sani.

Shi ma yaron a yi masa bayani, shekara 12 ta isa ya fahimta, kuma na tabbata ya daɗe yana jin ana magana a kansa ƙasa-ƙasa. Ki zaunar da shi ku biyu ki gaya masa cewa an gano dalilin da ya sa ba ya ganin allo, cewa shi ba malalaci ba ne kuma bai taɓa zama ba, cewa za a auna masa tabarau nasa na kansa, a kuma riƙa duba zuciyarsa kowace shekara domin a kiyaye ta. Ki bar shi ya yi tambayoyinsa, wanda ba ki da amsarsa ku rubuta shi a littafin nan ku kai wa likita tare. Idan kun dawo daga asibiti ki sake rubuto mini abin da aka gani a idon ƙaramar, da kuma ko mahaifinsu ya yarda an ɗora masa na'urar a ƙirji.